Kasuwar Ƙauye Da Tiyar Talaka

Jawabin da aka yi gaban wakilan rassa na garuruwan kasuwa. Ana roƙon ko wane magatakarda ya karanta shi da ƙarfi a taron reshensa, domin waɗanda ba su yi karatun boko ba su ji da kunnensu.

Iyayenmu mata da kuka bar tukunya bisa wuta kuka zo, sannunku da ƙoƙari. Samari, ku matso kusa, gama rabin maganar nan taku ce.

Abin da ya tara mu yau maganar kasuwa ce. Ba babbar kasuwar Yamai mai shaguna da ƙyamaren ƙarfe mu ke nufi ba. Muna nufin kasuwar mako, wadda ke ci rana ɗaya cikin bakwai, a gindin gawo ko tsamiya, ƙarƙashin rumfunan kara, ta cika da hantsi ta watse kafin magariba. Waɗansu daga cikinmu, musamman waɗanda suka yi lakwal, suna tsammani siyasa a ofis ta ke, cikin takarda, a bakin manya. To, su sani siyasar talaka a bakin tiya ta ke. Abin da manomi ya sha wahala a kansa wata huɗu, cikin rana da ruwa da sauro, cikin sa'a guda a ke yanka masa kuɗinsa a kasuwa. In an cuce shi a wurin, ya tafi gida da cutarsa ke nan, babu wata takarda daga Yamai da za ta bi shi ta mayar masa.

Ku dubi yadda aka raba kwanaki. Maraɗi na ci Litinin da Jumma'a, Damagaram Alhamis, Ƙonni Laraba, Dogon Dutsi Jumma'a, Tawa da Mirya Lahadi. Ƙananan kasuwannin da ke kewaye da ko wace babba kuwa sun rarraba sauran ranaku a tsakaninsu, don kada maƙwabta biyu su ci rana guda su kashe juna. Sabo da haka ɗan koli da mahauci da wanzami da mai gyaran fitila su kan yi mako suna zagaye, yau nan gobe can, ko wanne ya san rumfarsa a gari shida. Kaya kuma hawa su ke yi kamar matakala. Mace ta kawo tiya uku na wake cikin ƙwarya, ɗan baranda ya tara na mata ashirin ya cika buhu, amalanke ya kai buhun kasuwa ta gaba, babban ɗan kasuwa ya tara ya cika mota, mota ta nufi Maraɗi, daga can ta wuce Dawanau ta Kano. A ko wane mataki akwai mai cin riba. Wadda ta tsuguna ta tsinci waken, ita ce a ƙasan matakalar duka.

Me ya sa ƙauye ba ya iya zama ba kasuwa? Domin Allah bai haɗa wa gari ɗaya kome da kome ba. Mai hatsi ba shi da gishiri, mai gishiri ba shi da hatsi. Tun kafin Nasara ya san hanyar ƙasar nan, ayarin Buzaye ke ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro Damargu da ƙasar Hausa su musanya da hatsi. Kanwa na zuwa daga Manga. Bafillatana na kawo nono da man shanu, ta koma ruga da gero. Mirya na ba da tukwane da tuluna, Madawa tabarmin kaba, Galmi albasa, Matamaye rake, Diffa tattasai, dukawan Damagaram kayan fata, Maraɗi kuwa jar akuyarta, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Kasuwa ce igiyar da ta ɗaure waɗannan duka. Ranar da igiyar ta tsinke a wani yanki, za ku ga hatsi na ruɓewa a wani gari, yaro na kuka da yunwa a gari na gaba.

Har wa yau ba ciniki kaɗai a ke yi a wurin ba. A kasuwa a ke jin wa ya mutu, wa ya haihu, ina ruwa ya sauka, ina fara ta ɓulla. A nan maroƙi ke shelar saƙon sarki. A nan mai bashi ke tarar da wanda ya ke bi, a gaban shaidu. A nan saurayi ke fara ganin yarinya, dattawa kuma su gama maganar aure a rumfar mai goro. Wanda ɗansa ya tafi cin rani Legas ko Abijan ko Libiya, ran kasuwa ya ke zuwa ya karɓi abin da aka aiko masa. Da a hannun direba a ke aikowa, yanzu ta salula, amma ranar ba ta sake ba. Manomi da makiyayi da suka yi cacar baki a kan ɓarnar gona, tilas su haɗu a kara, gama ɗaya na son sayar da ɗan maraƙi, ɗaya na neman san huɗa. Sau da yawa sulhun da ya gagari fada a nan a ke ƙulla shi.

Wannan ne dalilin da ya sa masu neman ƴancin ƙasar nan suka riƙe kasuwa da hannu biyu. Tun daga 1946, sa'ad da aka kafa jam'iyyar PPN, har zuwa zamanin Sawaba ta Djibo Bakary, su wa ke kai magana ƙauye? Direbobi ne da yaran mota, da teloli, da mahauta, da ƴan tebur, da mata masu sayar da abinci a tasha. Babu rediyo a ko wane gida, takarda kuwa mutum ɗaya cikin masu yawa ke iya karanta ta. Gardamar i da a'a ta ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 a rumfunan kasuwa aka tafka ta, kafin a je akwati. Ko wane ɓangare mahaifin mutum ya bi a shekarar nan, wannan darasi namu ne duka.

Yanzu bari mu koma baya kaɗan, mu ga yadda aka yi kasuwar da ke hidimar ƙauye ta koma hidimar wani.

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899. Ba da daɗewa ba suka aza lanho bisa kan ko wane mutum, suka kuma ce ba su karɓar wuri, sai tammarsu. To, ina talaka zai samo tamma? Sai ya sayar da abin da mai tamma ke so. Da fari dabba ce da fata da hatsi. Daga shekarun 1930 kuwa sai gujiya, watau gyaɗa, ta mamaye ƙasar Maraɗi da Tasawa da Magariya da Matamaye. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA da CNF suka kafa kantuna da sikeli. Gwamnati ce ke faɗin ranar buɗe awo, ita ke faɗin kasuwannin da za a yi shi. Kamfani ya ba ɗan ƙasa kuɗi ya shiga ƙauyuka ya sayo masa, a biya shi kamasho. Manomi ya kawo gujiyarsa, a ɗora bisa sikelin da bai iya karantawa ba, a faɗa masa nauyi, ya ce to. Kuɗin na shiga hannunsa, ga mai karɓar lanho tsaye, gama lokacin biyan lanho da lokacin awo tare a ke haɗa su. Abin da ya saura kuma ya kai shi kantin kamfanin nan dai, ya sayi atamfa da sukari da kananzir da kwanon sha. Watau kuɗin ta ƙofa ɗaya ya fito ya koma ta ɗaya. Gujiyar kuwa ta bi hanyar Kano ta hau jirgin ƙasa zuwa Legas, daga 1953 kuma aka soma karkatar da ita ta Paraku zuwa Kwatano, a matse mai a Faransa. An soke aikin tilas a 1946, gaskiya ne, amma wanda lanho ya tilasta masa shuka abin da ba zai ci ba, ku gaya mana sunan aikin da ya ke yi.

Da aka sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, gwamnatin Diori Hamani ta nemi karɓe wannan ciniki. A 1962 aka kafa SONARA domin fitar da gujiya, da COPRO-NIGER domin shigo da kayan masarufi, da UNCC domin ƙungiyoyin manoma. A nan akwai wani abu da mu ke so samari su riƙe da kyau. A tsakiyar shekarun 1960, a yankin Magariya da Matamaye, an gwada barin manoma su riƙe kasuwar awo da kansu. Su ke zaɓen mai awo daga cikinsu, su ke zaɓen mai rubutu, aka kuma koya musu karatu da lissafi da Hausa domin su iya karanta sikeli su rubuta nauyi. Mutumin da shekara talatin a ke faɗa masa nauyin kayansa, ran nan shi ya duba da idonsa ya faɗa. A ganinmu cikin ayyukan shekarun nan kaɗan ne suka kai wannan daraja. Amma kuɗin kilo a Yamai a ke yanka shi, da Faransa ta janye ƙarin da ta ke biya sai kuɗin ya faɗi, manomi ya ga wahalarsa ba ta biya. Fari na 1973 da 1974 ya zo, cutar da ta kama gujiya a 1975 ta ƙarasa sauran. Mutane suka koma wake da aya da riɗi, gwamnati kuwa idonta ya koma kan yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971.

Waɗanda suka fara da saye wa kamfanoni, waɗansunsu su ne suka zama Alhazan Maraɗi da a ke labari. Ba mu faɗi wannan don zagi ba. Ƴan ƙasa ne, da wayonsu da haƙurinsu suka karɓe cinikin da da ke hannun baƙi, sun gina masallatai, sun ɗauki mutane aiki. Sai dai sikelin da ya fita daga hannun baƙo ya shiga hannun ɗan ƙasa, har yanzu bai iso hannun manomi ba.

Ga ciwon da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, kun kuwa san shi sarai. Da kaka, Oktoba da Nuwamba, hatsi ya cika kasuwa, kuɗinsa ya faɗi ƙasa warwas. A daidai lokacin nan ne buƙatu ke taso wa mai gida gaba ɗaya: bashin da ya ci da damina, auren ɗiya, suna, tufafin yara, kuɗin motar wanda zai tafi cin rani. Ba shi da wurin samun kuɗi sai rumbu. Ya ɗebo ya sayar da araha. Mai kuɗi ya saya ya zuba a sito ya kulle. Watan Yuni, Yuli, Agusta, rumbu ya yi ƙasa, ga aikin noma na neman ƙarfin jiki, sai mai gidan nan ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan nasa da tsada. In ba shi da kuɗi ya ci bashin buhu ɗaya a kan zai biya fiye da haka da kaka, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani. Gonarsa ta yi ciyawa, amfanin ya ragu, baɗi ya fi bana shiga bashi. Haka gona ke fita hannun gida, ta jingina, taki ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ke shakkar wannan ya tuna 2005. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a arewa. Amma hatsin da ƙasa ta rasa bai kai a ce babu abinci ba. Hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗinsa ne ya gagari mutane, har buhun gero ya kai wajen jika 30 a waɗansu wurare. Kuɗin dabba kuwa ya faɗi, makiyayi ya sayar da abin da da zai saya masa buhu biyu, bai sami ɗaya ba. A farkon shekarar nan aka kuma aza harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi, sai da jama'a suka rufe garuruwa aka sassauta. Ina aka fi ganin yara masu tamowa? A jihar Maraɗi, uwar kasuwancin ƙasa, inda motocin hatsi ke wucewa dare da rana. Mata na dafa anza a ƙauye, sito cike a birni. Yunwar shekarar nan a kasuwa aka haife ta.

To, a nan ne za mu yi gardama da waɗansu ƴan'uwanmu masu zafin kai. Mun ji ana cewa a kori dillalai, a fasa sito, a sa jandarma ya tsaya ya yanka kuɗin tiya. Ba mu yarda ba, ga kuwa dalilinmu. Dillalin kara shi ya san mai saniya, shi ke tsayawa shaida cewa ba ta sata ba ce, shi ke saukar da baƙo ya ba shi ruwa da wurin kwana, in mai saye ya gudu da bashi shi a ke kamawa. La'adarsa ladan wannan ne. Ku kore shi, ku ga wanda zai sayi dabba hannun mutumin da bai sani ba. Abin da mu ke ƙi shi ne dillalin da ke shiga da hannu cikin riga, ya gaya wa mai saye kuɗi ɗaya, ya gaya wa mai dabba wani, ya cinye tsakani. Maganinsa a faɗi kuɗi da baki a gaban su biyu, a san la'ada tun kafin a sallama. Yanka kuɗi da ƙarfin hukuma kuwa an sha gwada shi a ƙasashe da yawa, abin da ke biyo baya guda ne. Hatsi ya ɓace daga rumfa, ya koma zaure, a sayar da dare da tsadar da ta fi ta da, mai sanin babban mutum ya samu, gwauruwa ta rasa. Ajiye hatsi daga kaka zuwa bazara ba laifi ba ne, tilas wani ya ajiye. Tambayarmu ita ce, don me kullum mutum guda ke ajiyewa, ba mutanen da suka noma ba?

Akwai OPVN, wanda aka kafa a 1970 domin ajiyar abinci na ƙasa, ya kan kuma fitar da hatsi a sayar da rahusa in shekara ta ɓaci. Muna so ya yi ƙarfi. Amma ƙauyukan ƙasar nan dubbai ne, motar gwamnati ba ta isa ko wanne ran da tukunya ta bushe. Ajiyar da ta fi kusa da baki ita ce ta cikin gari.

Sa'an nan ga maganar iyaka. Turawan Ingila da na Faransa suka zauna suka ja layi, suka kafa turaku tsakanin 1906 da 1908, layi mai tsawon wajen kilomita 1,500, ya raba Maraɗi da Katsina, Ƙonni da Illela, Magariya da Daura, ya bi ta tsakiyar dangi da gonaki. Kasuwa ba ta taɓa yarda da layin nan ba. Dabbobinmu da wakenmu Jibiya da Illela da Mai'aduwa da Maigatari su ke nufa, masara da kayan kanti da taki kuma daga can su ke zuwa. Sabo da haka duk abin da ya taɓa iyaka, tukunyar ƙauye ya taɓa. Nijeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ko wane karo babban ɗan kasuwa ya kan sami hanyarsa. Mai akuya biyu da mai buhun albasa da ke ruɓewa cikin kwana kaɗan su ke biyan kuɗin rigimar manya. Haka nan ranar da aka karya darajar sefa da rabi, cikin Janairu 1994, ba a tambayi ko mutum ɗaya a kasuwar Tasawa ba, da safe kawai ya tarar kuɗin magani da na taki sun tashi. In naira ta faɗi, Bahaushen Nijeriya ya kasa sayen ragonmu. Ƙari a kan wannan, tun wajen 2019 ƴan bindiga suka matsa wa yankin Madarumfa da Gidan Rumji da satar shanu da satar mutane, mutum ya riƙa tsoron hanyar kasuwa, ya sayar a ƙofar gida da abin da aka ba shi. Mai cewa yana kishin ƙasa, alhali bai damu da hanyar da talaka ke bi ran kasuwa ba, kishinsa na baki ne.

To, me reshe zai yi? Ba mu zo da alkawarin abin da ba mu iyawa ba. Mu fara da tiya.

An ce tiyar gero kilo biyu da rabi ce, tiya 40 buhu mai kilo 100. Amma kun sani, mun sani, akwai mai tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa. Akwai mai bubbuga gindin kwano ya faɗaɗa shi. Akwai mai tara hannu a gefen tiya, ya yi mata tozo har hatsi na zuba bisa damtsensa, duk a cikin awo ɗaya. Ku yi lissafi da kanku. A misali, in cikin ko wace tiya goma an ci mutum ɗaya, mai buhu goma ya yi kyautar buhu guda bai sani ba, abincin gida na makonni. Allah ya hana tauye mudu, ko wane malami a garinku zai gaya muku haka, don haka ba ku rasa abokan wannan aiki. Ku je wurin sarkin kasuwa da ladabi, tare da liman da dattawan ƴan awo, a yarda da tiya guda, a yi mata alama, a ajiye ta a rumfar da kowa ya sani. Wanda ya yi shakkar awon da aka yi masa ya je ya gwada kyauta. Ƴan awo na kirki za su so haka, gama macuci ɗaya ke ɓata musu suna duka.

Bayan tiya sai littafi. Ko wane reshe ya sami yaro ɗaya mai rubutu, boko ko ajami duk ɗaya ne, ya riƙa rubuta kuɗin tiyar gero da dawa da wake, da na tunkiya da akuya matsakaiciya, ko wace ran kasuwa, da hantsi da kuma la'asar. Da yamma a sanar da rassan maƙwabta ta salula. Ɗan baranda ya fi manomi da abu ɗaya ne, ya san kuɗin kasuwa ta gaba, manomi bai sani ba. Ran da mace mai ƙwaryar wake ta san abin da a ke saye a Maraɗi jiya, za ta iya cewa albarka ta ɗauki kayanta. In littafin ya shekara biyu kuwa, ku da kanku za ku ga watan da ya kamata a sayar da wanda ya kamata a riƙe, ba sai wani ya zo daga birni ya gaya muku ba.

Ajiya ita ce mai wuya, ita ce kuma mai babban amfani. Tun ƙarshen shekarun 1990 akwai ƙungiyoyin manoma a ƙasar nan da ke yin wata dabara. Da kaka su zuba buhunansu a sito guda, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya hannun ƙungiya, ɗaya hannun asusun da zai ba da rance. A ba ko wane mutum rancen wani kashi na kuɗin kayansa, ya biya buƙatarsa, ya yi kiwon rago ko aikin garka da rani. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe sito, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi daraja, ya ci ko ya sayar. Amma fa kada mu ruɗe ku. Akwai shekarar da kuɗin hatsi ba ya tashi, mutum ya biya rance bai ci riba ba. Akwai ƙwari, wake musamman, in ba a sa shi a buhun da iska ba ta shiga ba. Akwai maganar ruwan kuɗi, wadda ya wajaba a zauna da malaman gari a warware ta tun kafin a fara. Bankunan cimaka nawa kuma aka buɗe da kiɗa da guɗa, bayan shekara biyu sai ginin da ɓeraye? Yawancinsu abin da ya kashe su guda ne: mabuɗi da littafi a hannun mutum ɗaya, dangin masu gari su ci bashi, a ji kunyar tambayarsu. Reshen da ba ya iya ce wa ɗan sarki ya biya, kada ya fara. A ƙidaya buhuna a fili, gaban jama'a, ko wane wata, mabuɗi ɗaya kuma ya zauna hannun mata, gama an ga inda mata ke riƙe da sito bashi ya fi dawowa.

Tun da mun ambaci mata, ku tuna rabin kasuwa nasu ne: fura, ƙuli-ƙuli, man gujiya, daddawa, waina, tabarma, kaji. Da wannan ɗan ciniki da adashi su ke sayen magani da sabulu da kayan ɗakin ɗiya, su ke kuma ciyar da gida watannin da mai gida ya tafi cin rani. Amma a rana su ke zama, a bakin hanya, su a ke fara tasa in mota za ta wuce. Wadda ba ta fita kuwa ɗiyarta ke ɗaukar talla, ran kasuwa ajin ƴan mata ya zama wayam. Reshen da ba shi da mace cikin kwamitinsa na kasuwa bai san rabin abin da ke faruwa a kasuwarsa ba.

Saura kuɗin tikiti. Ko wace ran kasuwa ana karɓa, a kan rumfa, a kan dabba, a kan amalanke. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 wannan kuɗi na cikin manyan abin da ma'aikatar magajin gari ke dogara da shi a karkara. Ba mu ce kada a biya ba. A biya, a karɓi tikiti, wanda ya karɓi kuɗi bai yaga tikiti ba a rubuta ranar da wurin. Sa'an nan a je a tambaya, cikin mutunci, nawa aka tara a wata, me aka yi da shi. Kasuwar da ta shekara ashirin tana biya, ba ta da rijiya, ba ta da makewayi, mahauta na yanka a ƙasa cikin ƙuda, rumfunan kara manne da juna suna jiran tartsatsi ɗaya, tana da hakkin tambaya. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa, ƙaramar kuma ta ƙone a 2012. In ta birni mai motar kashe gobara ta ƙone, ku auna taku.

Wani gargaɗi ga samari. Kada a mai da rumfar tiya rumfar jam'iyya. Wanda ya zo gwada awonsa kada a tambaye shi katinsa, kada a tsaya masa da wa'azin siyasa. Kada kuma a shiga kasuwa da sanda ko zagi, gama ran da aka yi faɗa kasuwa ta watse, mai ƙwaryar nono ce ke komawa gida da nononta ya yi tsami.

A taro mai zuwa ko wane reshe ya zo da littafinsa na makonni huɗu, da tiyar da a ke awo da ita a kasuwarsa, mu jera su a nan mu zuba gero mu gani. Rassan bakin iyaka su ƙara da canjin naira na ko wace ran kasuwa. Yanzu fili na masu tambaya ne, wakilan mata za su fara.